Ɓarawon kayan mota ɗan aike ne, mai saye ne ubangidansa

Duk wanda aka taɓa yi wa ya san yadda safiyar take. Mutum ya dawo daga sallar asuba, ga motarsa nan a gindin katanga inda ya bar ta, ƙofofi a kulle, gilashi lafiya lau. Ya shiga ya murɗa makulli, ko fitilar dashbod ba ta kawo ba. Sai idonsa ya kai kan bonet, ya ga ya ɗan ɗaga kamar faɗin yatsa biyu. Yana buɗewa ya tarar da gurbin batir wayam, wayoyi biyu suna reto, an datse su daga tsakiya don ɓarawon ba shi da lokacin kwance noti. Maƙwabta su taru a yi jaje, a tsine wa yaran unguwa, a ce Allah ya mayar da alheri. Kafin azahar mai motar yana kasuwa yana neman batir mai rangwame, kuma ba zai tambayi mai shago daga ina kayan ya fito ba.

Wannan tafiyar tasa ta biyu ita ce ya kamata mu tsaya a kanta. Yaron da ya kwanta ƙarƙashin mota da ƙarfe biyun dare bai da abin da zai yi da ƙwaƙwalwar Corolla, wato kwamfutar injinta, a ɗakinsu. Ya ɗauka ne don ya san hannun da zai karɓa kafin gari ya waye, wani lokacin ma sai da aka faɗa masa samfurin motar da shekarar ƙirarta sannan ya fita nema. Muddin wannan hannun yana nan, ka kama yaro goma yau, gobe wasu goma za su maye gurbinsu.

Abin ya ƙara ƙamari ne da kuɗin kayan gyara suka tashi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haye 1,500. Kusan duk abin da ke jikin motocinmu daga waje yake zuwa, sabo ne ko na Beljiyam, don haka fitilar da a da ake saye ba tare da dogon ciniki ba yanzu sai an yi shawara da iyali. Da kaya ya yi tsada sai mai neman araha ya yawaita, shi kuwa ɓarawo ba wanda ya kai shi iya karya farashi tunda bai biya kuɗin kwantena ba, bai biya kwastan ba.

A lura da motocin da aka fi yi wa wannan ɓarna: Corolla, Camry, Sienna, Highlander, Accord, Golf, Hilux. Ba su ne suka fi tsada a titi ba, sai dai su suka fi yawa, kuma abin da aka cire daga ɗaya yana shiga dubunnan 'yan uwanta. Mai motar da babu irinta a gari ya fi samun barci, domin madubinta zai iya shekara a shago ba mai tayawa.

Batir ne kan gaba saboda yana da kasuwa har uku. Mai mota zai saya, mai ƙaramar sola da ke son fitila da cajin waya zai saya, in ma ya mutu murus 'yan gwangwan za su auna shi a sikeli, domin fiye da rabin nauyinsa dalma ce, kuma akwai masana'antun narka ta a kudu, musamman yankin Ogijo na jihar Ogun. Sifana mai lamba 10 kaɗai ake buƙata a yawancin motocin Japan. Maganinsa ba tsada: ƙarfen da zai danne batirin daga sama a sa masa kwaɗo, ko sarƙa ta biyu da ke riƙe bonet bayan makullinsa na asali. Amma a nan mutane kan yi kuskure biyu. Na farko, a bar mai walda ya ɗora wuta a jikin mota batir yana haɗe, wutar ta bi waya ta ƙona kwamfutar injin, garin neman gira a rasa ido. A cire kan batir tukuna, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin waldar kusa da inda ake aikin. Na biyu, a ɗaure bonet da kwaɗon da makullinsa ke can cikin gida. Ranar da waya ta yi tartsatsi a hanya hayaƙi ya tashi, sakan nawa mutum yake da su? Makullin kwaɗon ya zauna a jikin makullin mota.

Wanda ya fi sa magidanci zama daɓas a ƙasa shi ne abin da makanikai ke kira birenbos, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa mai da wuta da canjin giya. Akwati ne bai wuce girman ƙaramin littafi ba, noti uku ko huɗu ke riƙe da shi. A wasu motocin yana bayan akwatin ajiya na gaban fasinja, a wasu yana cikin bonet kusa da batir, shi ya sa wanda ya zo ɗaukar batir kan haɗa da shi. Ɓarawon da ya san aikinsa zai zare soket, wanda ke sauri kuwa datse damin wayoyin yake yi gaba ɗaya. A nan asarar take ninkuwa. Wayoyin nan sun kai gomomi, wasu launinsu ɗaya amma aikinsu daban, kuma wasu siginar da suke ɗauka ba ta jure ko ƙaramin tsatsa. Mai gyaran wayar da ya zauna yana murɗa ja da ja, kore da kore, ya naɗe da baƙin tef, motar za ta tashi ranar, bayan wata biyu a fara: giya na fizga, fanka ba ta juyawa, mai na zurarewa. Gyaran gaskiya shi ne a samo soket ɗin irin motar da sauran wayarsa, a bi zanen wayoyin motar a haɗa ɗaya bayan ɗaya da dalma, a rufe kowace da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. In wajen ya lalace da yawa, sauya damin wayar gaba ɗaya ya fi arha a ƙarshe.

Shi kansa akwatin ba a sayensa da ido. Camry da Camry suna iya zama shekara ɗaya, amma wannan mai fulogi 4 ce waccan mai 6, wannan ƙirar kasuwar Amurka ce waccan ta Turai ko ta ƙasashen Larabawa, wannan giyar hannu waccan otomatik. Lambar da ke kan takardar da aka manna a jikinsa ita ce hujja. A motocin Toyota galibi tana farawa da 89661, sai wasu alƙaluma ko harufa biyar su biyo baya, kuma waɗannan biyar ɗin su ne magana. Wanda bai taɓa ɗaukar hoton takardar nan ba, ranar da aka sace sai ya koma gwaji, a sa wannan a cire a sa wancan, kowane gwaji da kuɗinsa. Sannan in motar mai makulli ce da ke da guntun lantarki a ciki, sai an kira mai kwamfuta ya gabatar da makullin ga sabuwar ƙwaƙwalwar, in ba haka ba injin zai yi ta juyawa ba zai kama ba. Aikin minti biyar ne yau mutum ya buɗe ya ɗauki hoton takardar lambar ya tura wa kansa. Masu walda suna ƙera wa akwatin keji na ƙarfe, kuma yana aiki, da sharaɗin a bar masa wajen shan iska, a kuma ɗaure kejin da irin notin nan da kansa ke gutsirewa in ya gama ɗauruwa, yadda sifana ba za ta sake kama shi ba.

Sai kuma indomi. Wanda bai saba da gareji ba zai ɗauka wasa ne, amma haka ake kiran matatar hayaƙin da ke cikin tukunyar farko ta salansa, don ƙananan ramukanta sun yi kama da taliyar da ba a dafa ba. An shafe ta da 'yan giram kaɗan na ƙarafa uku masu daraja, filatinam da faladiyam da rodiyam. A watan Maris na 2021 rodiyam ya kusa dala 29,000 kowane oza, ya ninka zinariya sau goma da ɗoriya, kuma a shekarun nan ne satar ta zama annoba a Amurka da Ingila, inda ake shiga ƙarƙashin mota da zarton lantarki a yanke tukunyar. Farashin ya sauko sosai daga baya, amma masu saye ba su watse ba. A titi, motoci masu tsayi irin Hilux da jif-jif sun fi shiga haɗari don ba sai an sa jak ba. In an yanke, ba a buƙatar mai faɗa: kana tayarwa za ta yi ruri kamar babbar mota.

Sai dai a ƙasar nan indomi ta fi ɓata da rana tsaka, a hannun wanda aka ba amana. A kai mota gyaran wani abu daban, a sauke salansa, a tsaga tukunyar ta sama inda ido ba ya kaiwa, a kakkaɓe abin da ke ciki a buhu, a mayar a yi walda. Wani ma da bakinsa zai ce maka ta toshe, cirewa ya fi, ya kuma yi maka alherin “zubar da ita”. Alamominta: sabuwar walda a jikin tukunya, ƙarar salansa ta koma kamar ta gwangwani, hayaƙi mai yaji a ido, fitilar injin ta kunnu, in an sa kwamfuta ta nuna P0420. Gaskiya ne indomi tana toshewa, musamman a motar da ke ƙona man inji ko wadda fulogi ɗaya ya daɗe ba ya kamawa. To in ta kai a cire, taka ce, kuɗi ce, a cire a gabanka a ba ka abarka. Makanikai masu tsoron Allah sun fi yawa, kuma su ne wannan ɗabi'a ta fi ɓata wa suna, shi ya sa ya kamata ƙungiyoyinsu su riga kowa korar mai yi.

Taya kuwa, noti mai makulli ɗaya a kowace ƙafa ya isa ya sa ɓarawo ya wuce zuwa ta gaba, in dai ba a ajiye kan makullin a akwatin gaban mota ba, wurin da zai fara dubawa ke nan. A matsa da mota jikin katanga ko bakin kwalbati, a karya sitiyari har ƙarshe, jak ba zai samu wurin zama ba. Safayar da ke rataye a ƙarƙashin Sienna da Hilux a sa mata sarƙa, don mutum kan yi wata uku bai san ta tafi ba sai ranar da ya yi faci a daji. Abin da ya fi satar haɗari shi ne satar da ba a ƙarasa ba: an sassauta notuna, mai gadi ya yi tari, ɓarawo ya gudu, da safe mai mota ya kwashi yara zuwa makaranta. Duk wanda ya ga alamar an taɓa motarsa, ya zagaya da sifanar taya ya gwada kowane noti kafin ya motsa.

Madubi, fitila, tambarin gaba da murfin taya, waɗannan maganinsu zane ne. A sassaƙa alƙaluma 6 na ƙarshe na lambar shasi, wadda ke da harufa da alƙaluma 17, a jikin gilashin madubi da fuskar fitila inda kowa zai gani. Lambar shasi ta fi lambar rajista, don ita ba ta canzawa in mota ta sauya hannu. Zanen ba ya hana cirewa, darajar kayan yake kashewa, don mai shago ba ya son abin da zai tona shi a kan teburinsa.

Ƙararrawa da na'urar bin sawu an fi ba su girman da ba su kai ba. Na'urar bin sawu tana gaya maka inda mota take, alhali motar ba ta je ko'ina ba. Ƙararrawar da ke shan wuta daga batirin mota tana mutuwa da an datse waya, sai mai ɗan batirinta a ciki ce ke ci gaba da kuka. Wadda kuma ke ihu duk lokacin da tirela ta wuce, cikin mako guda maƙwabta za su daina ɗaga labule. Haka kyamara: an kafa ta can ƙarƙashin rufin bene, abin da take ɗauka saman hula ne kawai, in an ɗauke wuta kuma ta yi barci tare da masu gida. Tsayin mita biyu da rabi zuwa uku, da batirinta, da fitilar sola mai kamawa in ta ga motsi, ya fi kyamara huɗu a sama.

Duk waɗannan dabaru jinkiri suke saye. Sukan tura ɓarawo daga motarka zuwa ta maƙwabcinka, adadin satar da ake yi a gari bai ragu ba. Wurin da za a rage shi kasuwa ne. Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, Ladipo a Legas, dubban mutane ne ke cin halaliyarsu a wuraren nan, kayansu daga kwantena suke ko daga motocin da suka yi haɗari aka saya aka farfasa. Amma kayan sata ba ya tafiya da tambari a goshi, kuma ƙofar da yake bi ya shiga sananniya ce: yaro ya zo da sassafe da abu ɗaya tak a leda, wayarsa a datse, ya karɓi kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa bai yi musu ba. Babu ɗan kasuwar da ya shekara biyu a sana'ar da zai ce bai gane wannan ba. Kayan kwantena yakan zo da yawa, da rubutun fenti na inda aka kwance shi. Na sata yakan zo shi kaɗai da ƙurar garinmu a jikinsa.

Doka ma ta san wanda ya fi nauyi. A dokar laifuka ta Final Kod (Penal Code) da Arewa ta gada tun 1960, sashe na 287 ya yanke wa sata ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5, sashe na 317 kuwa ya ba mai karɓar kayan sata har shekara 14, kuma bai tsaya ga wanda ya sani kaɗai ba, ya haɗa da wanda ke da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne. Wasu jihohi sun sabunta dokokinsu lambobin sassan sun canza, amma laifin yana nan. Malamai kuma ba su yi saɓani ba kan haramcin sayen abin da ka san na sata ne. A aikace fa? Yaron ake kamawa, a yi masa dukan kawo wuƙa, wani lokaci a kashe shi a kan madubi, wani lokaci ma ba shi ne ya ɗauka ba. Da ya mutu ko ya suma, tambaya ɗaya mai amfani, wato wa kake kai wa, ta tafi ke nan. Dukan taron jama'a laifi ne, kuma babu wanda yake yi wa hidima kamar mai saye.

A watan Janairun 2025, bayan an yi ta sace murafen ramukan titi a Abuja, hukumomin birnin sun hana 'yan bola yawo cikin gari, suka kuma rufe kasuwannin panteka na mako 2 don a tantance masu sana'ar. Sun dubi inda ya dace, sai dai rufe kasuwa hukunci ne da ke faɗa wa mai gaskiya da maras gaskiya, kuma ranar da aka buɗe komai na iya komawa yadda yake. Ingila ta bi wata hanya a dokarta ta 2013 kan dillalan tsofaffin ƙarafa: sai da lasisi, sai an ga shaidar wanda ya kawo kaya an rubuta, kuma ba a biya da tsabar kuɗi. Na ukun nan shi ne mai cizo, kuma yanzu ba abin da zai hana shi aiki a nan, tunda har mai shayi yana karɓar tiransifa. Ƙungiyar kasuwa ba sai ta jira majalisa ba. Ta ajiye littafi ɗaya: duk kayan da aka saya daga hannun mutum, a rubuta sunansa da lambar wayarsa da lambar kayan, a ɗauki hotonsa riƙe da shi, a tura masa kuɗin ta asusun da ke ɗauke da sunansa. Mai sayar da batirin motarsa na halal ba zai ƙi ba. Shagon da aka samu da birenbos mai datsattsiyar waya babu shi a littafi, ƙungiya ta rufe shi kafin 'yan sanda su zo.

Mu masu motoci kuma, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wanda aka ce masa fitila kaza ce a ko'ina, wani ya ja shi gefe ya ce akwai ta rabin kuɗi amma babu rasit, ya san abin da yake saye. Wataƙila ta wani ce a layin bayansu, kuma kuɗin da ya biya su ne jarin fitar daren gobe. A nemi rasit mai sunan shago da lambar kayan, ko don ranar da wani zai tare ka ya nuna lambar shasinsa a jikin madubinka.

Akwai kuma batun wurin kwana. A cikin tsohon birni lungu ba ya ɗaukar mota, dole a bar ta bakin titi. A sabbin unguwanni kuwa da gangan ake yi: a gina gida mai hawa biyu na haya shida babu wurin mota ko ɗaya, ko a fasa garejin a mayar da shi shago. Hukumomin tsara birane irin KNUPDA ta Kano suna da ikon ƙin sa hannu a kan irin wannan zane. Kafin nan, layin da ke da mota goma zai iya haɗa kuɗi ya ɗauki mai gadi ɗaya, ya tara motocin wuri ɗaya ƙarƙashin fitila, da littafin da ake rubuta wadda ta shiga da wadda ta fita. A biya shi a kan lokaci. Mai gadin da ke bin bashin wata uku yana ganin batir goma kowane dare, an sa shi cikin jarrabawa.

Kada kuma a dogara da takardar inshorar da ke cikin mota. Wadda ake biya naira 15,000 tun Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa naira miliyan 3, ba ruwanta da abin da aka sace maka. Ko mai cikakkiyar inshora ya karanta sharuɗɗansa, ya tambaya a rubuce ko tana biyan satar sassa in ba a ɗauke motar ba, da kuma nawa ne kason da zai fara biya daga aljihunsa.

In abin ya riga ya faru, kafin a taɓa komai a ɗauki hoto, a kai rahoto ofishin 'yan sanda da jerin abin da ya ɓata da lambobinsa, a karɓi takardar rahoton, sannan a kai kwafinta ofishin shugabannin kasuwa a ranar, maimakon a shiga layi-layi ana tambaya, wanda ke sa kayan ya nutse. Kada a ɗora sabon batir sai mai gyaran waya ya duba duk inda aka datse ya raba wayoyin da ke taɓa juna ko jikin mota. Wajen haɗawa a fara da kan da ke da alamar tarawa, a ƙare da na ƙasa, a kuma duba sau biyu, domin in aka juya su ko na ƙiftawar ido babban fiyus zai tafi, sau da yawa ya ja altaneta su tafi tare.